Kwamfutar da Na Kulle wa Nasiru

Da kakar bana ƙanena Nasiru ya cika shekara tara da rasuwa. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa a wannan shafi, amma duk lokacin da na zauna sai in tarar ina jero irin yabon da ake yi wa kowane mamaci: mai haƙuri ne, mai zumunci, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wata gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi ƙyashin Nasiru yana raye, kuma ban tabbata na daina ba. Abin takaicin ma a kan kwamfuta ne, kayan da ni na sayo, ni kuma na yi karatunsu.

Mu biyu ne maza a wurin Baba. Ni ne babba, Habu, ni aka tura Kano na yi difloma a kan kwamfuta, na samu aikin koyarwa a wata sakandare a wajen Dawakin Tofa, ina zuwa gida duk Juma'a da yamma in koma Lahadi. Nasiru kuwa daga aji uku na ƙaramar sakandare ya ajiye littafi ya koma gona, da rani yana gyara wa mutane injin ban-ruwa. A ƙauyenmu, can tsakanin Ɗambatta da Kunci, gona a jikin gona take, ba ka taku ɗari ba ka shiga ta wani ba. Baba shi ne ya san iyakoki. Ya san kakan wa ya fara noma wace gona, wace kuka ce ta raba gadon gidan wane, a ina aka binne dutse lokacin da aka yi sulhu. In saɓani ya tashi, dagaci aikowa yake yi a kira shi. Da ganinsa ya fara rauni sai ya ce yana so a rubuta duk abin da ke kansa tun yana da sauran ƙarfi.

Ni na ce ba da biro za a rubuta ba. Na shiga Kano na sayo kwamfutar tebur 'yar gwanjo, na hau motar Ɗambatta da ita, daga can na hau babur na rungume monita, wato allonta, a cinya har ƙofar gida. A shagon da ke jikin zaure muka ajiye ta. Na jona monita, na jona kibod na buga rubutu da linzamin da ake nuni da shi a allo, na sa sitabilaiza a tsakaninta da ƙaramin janaretonmu, sannan na zura faifai na ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda in babu ita kwamfuta akwatin ƙarfe ce kawai. Mutane sun cika ƙofar shagon suna leƙe. Da allon ya haska, Baba ya dafa kafaɗata ya sa mini albarka a gaban kowa. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Tunda ba na gida a ranakun aiki, sai na koya wa Nasiru yadda zai kunna ta, da inda zai shiga ya yi rubutu, da yadda zai adana. Da yatsa biyu yake bugawa, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar gyaɗa bayan an yi roro, ni kuwa ina tsaye a kansa ina dariya. Na koya masa kunnawa, ban koya masa kashewa ba. A lokacin zan ce mantuwa ce. Yanzu da na tsufa kaɗan, ina zargin kaina da cewa ban so ya san komai da komai ba.

Mako uku suna aiki lafiya, Baba yana faɗa Nasiru yana bugawa. Ran nan na dawo na tarar kwamfuta ta ƙi tashi. Sai ta fara kamar za ta buɗe, allon ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake farawa. Na yi abin da aka koya mana a makaranta, na yi mata fomatin, wato na share komai na ɗora manhajar sabuwa. Sai da na gama na tuna rubutun Baba yana cikin abin da na share. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi to, a sake daga farko. Bayan mako biyu ta sake yin haka, na sake sharewa. Wannan karon na ɗora laifin a kan Nasiru, na ce shi yake danna abin da bai sani ba. Borin kunya ne, kuma na san borin kunya ne tun ina faɗa.

Karo na uku na riga na zura faifai, hannuna yana kan kibod, sai Nasiru ya ce, "Yaya, dakata tukuna. Wancan layin na ƙasa me yake cewa?"

Na ce masa ba ruwansa da shi. Bai yi musu ba, ya matso ya sa yatsa a jikin allon yana haɗa Turancin a hankali, baƙi bayan baƙi. Layin cewa yake yi in gyara kake so ba sharewa ba, ga inda za ka danna. Na wuce layin nan ya fi sau hamsin a rayuwata, ban taɓa tsayawa na karanta ba, saboda na riga na haddace hanya. Shi da ba ya iya karatu da sauri, shi ya gan shi. Muka danna, ta yi 'yan ƙirge-ƙirgenta, ta tashi, rubutun Baba yana nan ko harafi ɗaya bai ɓace ba.

Ban gama haɗiye wannan ba ya ƙara da cewa shi fa yana jin ya gano abin da ke kwantar da ita. Masallacin unguwarmu a jikin zaurenmu yake, kuma Baba yana da doka tun ranar da aka sayo janareto: da ladan ya ɗaga murya, duk wanda ke kusa ya kashe shi, ba a jira. Ni in ina gida, kafin in tashi alwala nakan rufe kwamfutar yadda ya kamata ba tare da na ma lura ina yi ba. In ba na nan kuwa, Azahar da La'asar, kullum tana tsakiyar aiki ake yanke mata wuta.

"Ko injin ban-ruwa ba a kashe shi yana tsaka da ja," in ji Nasiru. "Sai an sassauta masa. Na ga kai in za ka tashi akwai inda kake dannawa a kusurwa. Nuna mini."

Na nuna masa, raina a jagule. Daga ranar ya riƙa duba inuwar katangar zaure, in ta kai wani tubali da ya sa wa alama sai ya adana rubutu ya rufe kwamfutar, ladan na kira ana kashe janareto. Dokar Baba ba ta taɓu ba, kwamfuta kuma ba ta sake kwanciya ba. Da yammacin ranar, dattawa suna zaune a ƙofar gida, na ji Baba yana ba su labari. Ya ce, "Habu ya yi karatunta, amma Nasiru ne ya san halinta." Suka yi dariya, ni ma na yi. Maganar nan ta tsaya mini a rai, har yau ina iya jin muryar da ya faɗe ta da ita.

Daga nan komai ya zama a kira Nasiru. Ina zaune a shagon, linzami ya ƙi motsi, sai Baba ya ɗaga murya ya ce a kira Nasiru. Ni da na rungumo ta tun daga Kano na koma baƙo a gabanta.

Abin da na yi bayan haka shi ne dalilin wannan rubutu. Wata Lahadi kafin in koma makaranta, na raba kwamfutar gida biyu. Na buɗe wa Nasiru nasa ɓangaren, wanda ba ya iya sauya komai a ciki, nawa kuma na kulle shi da kalmar sirri. Na ce masa don tsaro ne. So nake duk abin da ya taso a ce sai Habu ya zo. Rubutun Baba kuwa yana ɓangarena, kuma ba zan rantse cewa mantawa na yi ba. Ran Litinin da hantsi Nasiru ya kira ni a waya.

"Yaya, ta ce sai da izininka. Baba kuma ya ce ba zai ci gaba ba sai an karanta masa inda ya tsaya."

Haka Baba yake aiki, don iyaka a jikin iyaka take, ba ya ɗora sabuwa sai ya ji ta jiya. Na ce wa Nasiru ba a faɗar kalmar sirri a waya, su jira Juma'a. Ya ce to, Allah ya kai mu. Na ajiye waya ina jin wani daɗi marar kyau.

Ashe ba su jira ba. Baba ya ce tunda na'ura ta ƙi, a fito da babur. Kwana huɗu Nasiru yana goya shi daga gona zuwa gona, daga hantsi har rana ta take. Ya nuna masa kowace ɗorawa da kowane gawo, ya sa shi ya tona da hannunsa ya taɓa duwatsun da aka binne, ya gaya masa wanda ya yi rantsuwa a kan wace kunyar gona da wanda ya janye. A gindin wata tsamiya suka riƙa cin ɗumamen da suka ƙullo, Baba yana ba shi labarin ƙuruciyarsa da na mahaifiyarmu, labaran da ni ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da na dawo Juma'a da kalmar sirrina a baki, ina jiran a roƙe ni, ba wanda ya tambaye ni ita. Na buɗe da kaina. Baba ya ce ya gaji da faɗar iyakoki, Nasiru ya ƙarasa sauran, ai ya nuna masa. Ni da hannuna na ba ƙanena kwana huɗun da zan iya ba da komai nawa in same su.

Nasiru bai taɓa yi mini maganar kullewar nan ba, ko da wasa. Da ya yi mini gori da na samu abin riƙewa. Sai ma ya ci gaba da tambayata ƙananan abubuwa da na tabbata ya sani, yadda ake ƙara girman rubutu, yadda ake sa lambar shafi, don dai in ji ana bukatata. Na gane abin da yake yi, kuma hakan ya fi komai ƙona mini rai.

Baba ya rasu da damina ta gaba. Nasiru ya bi shi bayan an gama girbi, zazzaɓi na 'yan kwanaki, ya bar mace da 'ya'ya mata biyu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Janareton nan ya daɗe da zama tarkace, sola ce a kan rufin shagon, wuta ba ta yankewa don an kira salla. Kwamfutar da ke kan teburin yanzu ba ta da ma wurin zura faifai, da kanta take sabunta manhajarta, wani lokaci ta zaɓi daidai lokacin da kake sauri ta ce ka jira ta. Ina jin da dariya zai yi ya ce ita ma ta samu tata dokar, a bi ta a hankali. Ɗalibaina kuwa, duk wanda ya kawo mini kwamfutar da ta ƙi tashi ya ce a yi mata fomatin, nakan sa shi ya zauna ya karanta mini duk abin da ke kan allon da ƙarfi, layi bayan layi, kafin ya taɓa komai. Suna cewa dabarar Malam Habu ce. Ban taɓa gyara musu ba, kun ga ke nan halin bai sake ni ba.

Rubutun iyakokin yana nan, na buga shi a takarda, na adana shi a wuri uku. Yanzu in an yi saɓani ni dagaci yake aiko wa. Nakan je da takarduna in karanta, a gane, a sasanta. Amma in aka ce in nuna ainihin inda dutsen yake, sai in tsaya ina waige-waige a tsakiyar gona, har wani dattijo ya ce Allah ya jiƙan Nasiru, da shi ne da tuni ya taka wurin. Nakan amsa da amin, kuma da zuciya ɗaya nake amsawa. Duk wata gona da ba a yi shari'a a kanta ba a ƙauyenmu cikin shekarun nan tara, da hannunsa a ciki, da yatsun nan biyu da na yi wa dariya. Abin da ya rage nasa ke nan, kuma ya fi difloma ta amfani.

Ina roƙon Allah ya gafarta masa, ya yafe mini abin da na yi masa wanda bai taɓa nuna ya gani ba. Jiya bayan La'asar na je maƙabarta na yi musu addu'a, shi da Baba. Da yake ba a yi rashe-rashe da yawa tsakanin rasuwarsu ba, a layi ɗaya suke kwance. Na gama addu'a, na shafa, sai na samu kaina ina auna tazarar da ƙafa, ni da furfurata. Taku uku ne tsakaninsa da Baba. Ni kuwa ko yau aka kawo ni, sai can ƙarshen fili.