Ranar da Na Ɓatar da Faston Soja

Har yau in na wuce shagon mai guga na ji ƙamshin sitaci a jikin kaki mai zafi, sai in ƙara sauri. Kada ka yi mini dariya, da dalili. Ina 'yar shekara tara lokacin, a wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin Kwara, ƙasar Bagudo, kuma babu abin da nake tsoro a duniya kamar kakin Baba Fasto.

Ɗan tsallaken ruwanmu ne, ya shiga soja ya zama limamin Kiristocin bariki. In ya zo hutu jamfa yake sawa, ya tsaya wurin innata a kasuwar Bagudo yana tsokanarta wai kifinta duk ƙaya ne. Amma kowa ya san in ka gan shi da kaki da farar kwala a wuya, to saƙon mutuwa ya kawo. Haka ya yi a Zagga, haka ya yi a Kende. Ba ya yarda a aika wa uwa takarda, da ƙafarsa yake zuwa, ko da mamacin Musulmi ne. Mu kuwa yayana, wanda ya koya mini iyo, yana can ƙasar bakin teku da aka kai su yaƙi, wata biyar ba wasiƙa.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci ce. Kullum rediyo sai labarin rikici a garuruwa masu nisa. Wasu Kiristocin kasuwa sun kwashe iyalansu sun tsallaka Benin, samarinmu kuma kowa a wuya yake.

Wata rana da hantsi, cikin bazara, ina wanke ƙorai a bakin ruwa, jirgi ya tsaya, sai ga shi ya fito, da kakinsa da kwalarsa da jakar soja a kafaɗa. Ƙoryar da ke hannuna ta bi ruwa ban ma sani ba. Duk ƙauyen soja ɗaya gare mu.

"Ɗiyata, ina gidan mai komar kifin nan da ɗansa ke soja?"

Wallahi ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi. Na ce ai sun tashi, sun koma wata ruga can hanyar iyaka, bayan fadamar shinkafa. A wautata gani nake muddin bai faɗa ba, to abin bai faru ba. Ya dube ni ya daɗe, ya yi godiya, ya kama hanyar yana ɗingishi, don akwai tsohon rauni a ƙafarsa.

Na koma gida na tarar da inna tana juya kifi a kan banda, tana cewa wannan giwan ruwan na yayana ne in ya dawo. Na kasa cin tuwo. Ko akuya ta taɓa zana sai in dubi ƙofa. Can da azahar wani tsoron ya hau kan na farko, don na tuna a hanyar nan ne samari ke tsare baƙi da sanduna. In suka ga kwalar nan fa? In aka kashe shi, ni na kashe shi. Na shige bayan rumbu na takure, ina roƙon Allah ya tsare shi, ina kuma roƙon kada ya dawo.

Da la'asar muka ji sallama. Ya yi buɗu-buɗu har gwiwa, leɓensa duk ya tsage. Inna ta aika masa da ruwa, ya ajiye bai sha ba. Ya zauna kusa da babana a zaure ya faɗa masa, a hankali, ba kwana-kwana. Kafin ka ce me, maza sun cika ƙofar gida.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Daga bayan zana ta tambaya, da wata murya da ban san ta da ita ba, ko ɗanta ya samu kalmar shahada. Na ji wani saurayi yana guna-guni, wai mi fasto ya sani ga kalma.

"Ya samu, inna," in ji Baba Fasto. "Liman na nesa, ni ke riƙe da kansa. Ni na tuna masa, shi ya faɗa da bakinsa har sau uku. 'Yan'uwansa Musulmi sunka yi masa sallah, ina tsaye."

Sai a sannan inna ta fashe da kuka, shi kuma ya ɗauki ruwan ya sha. Bai dubi inda nake ba, bai kuma gaya wa kowa inda ya yini ba.

Sai da na yi aure na haihu na samu ƙarfin halin zuwa gidansa neman gafara. Ya tsufa, ya bar aiki, ido ɗaya ya mutu. Da na gama bayani ya yi murmushi, ya ce ai yayana ya kwatanta masa gidan tun a can, har tsamiyar ƙofa, kuma daga ganin goshina ya san ko ni wace ce. Tambayar ma don ya ja lokaci ya yi ta.

"Ni ma ban shirya ba, ɗiyata. Na ga kina son ki ƙara yini da yayanki, na ce to mu ƙara."

Yanzu ta waya ake sanar da mutuwa, kana tsakiyar cin abinci a faɗa maka a kashe wayar. Labarin tasa rasuwar ma haka ya same ni a daminar bara, ina tankaɗe. Na je jana'izar da hijabina, na zauna a bencin baya. Ban san waƙa ko ɗaya ba, amma sai da aka rufe shi na tashi.