Mis Verdell da Ƙwallon da Aka Sace Ana Addu'a

Kun taɓa ganin tsohuwar da ƙartin 'yan ƙwallo ke laɓewa bayan ƙofa in sun ji takunta? To mu muna da ita a garinmu, nan cikin Mississippi, Mis Verdell Moss sunanta, ita ke zuba abinci a makarantar sakandare, shekararta sittin da bakwai, gwiwarta ɗaya ma ba ta lanƙwasuwa sosai, amma hannunta kam sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Hannun nan ba a banza ta same shi ba. Su goma sha ɗaya ne a gidansu, ita ce ta tara, maza bakwai a gabanta, kuma kasko ɗaya na burodin masara ake direwa a tebur, wanda ya tsaya kallo ya kwana da yunwa. Tana 'yar shekara shida ta iya zare yanka daga hannun yayanta yana kan hanyar kaiwa baki. Da ta girma ta shiga kamfanin gyaran tarwaɗa, watan farko kifi sai sulluɓe mata yake yana faɗuwa ƙasa, manaja ya ce a sallame ta, wata dattijuwa mai kula da layinsu ta ce a'a, a bar min ita zuwa Kirsimeti. Kafin Kirsimeti babu mai kamo ƙafarta. Shekara sha biyu ta yi a can sannan ta dawo kicin ɗin makaranta, yau shekara talatin da ɗaya ke nan. Mijinta marigayi Roosevelt shi ke riƙe sarƙar awon fili duk wasan Juma'a, tun tana bin sa tana riƙe masa kwat har ta fi shi sanin wasan, kuma tun da ya rasu ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba, wurin zamanta na nan layi na biyu, ko baƙo ya zauna sai an tashe shi.

To akwai al'adarmu, ƙwallonmu kuwa irin ta Amurka ce, mai tsini, wadda ake runguma a hannu ana gudu. Ɗan gudu, wato wanda ake damƙa wa ƙwallo ya rungume ta ya kutsa cikin ƙarti da ita, in ya kuskura ya sake ta a wasa abokan karawa suka ɗauke, ranar Litinin koci zai miƙa masa ƙwallo ya yi ta yawo da ita har Juma'a. Aji da ita, banɗaki da ita, barci da ita. Kuma kowa a gari yana da izinin buge ta. Wanda ya ƙwace ya kai teburin koci, yaron zai hau matakalar 'yan kallo ya sauko sau ashirin. A nan Mis Verdell ta yi suna. Yaro zai zo layin abinci, tire a hannu ɗaya ƙwallo a ɗaya, kafin ya ce na gode ludayin ƙarfe ya sauka, ƙwas, ƙwallo na gangarawa ƙarƙashin tebur. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya tsira. Akwai wanda yanzu ɗan sanda ne da tumbinsa da 'ya'yansa huɗu, har yau in ya hango ta a gidan mai sai ka ga ya matse hammata.

Bana manyan 'yan gudunmu suka gama makaranta aka bar mu da yara biyu 'yan shekara sha biyar-biyar, Jonte Pickens da Markel Tubbs. Jonte siriri ne, gudu kamar barewa, Markel gajere ne mai wuya kamar turmi. Wasa uku suka yi, sau tara suna sakin ƙwallo, duka ukun aka lallasa mu. Gari ya rabu biyu, a shagon aski har an kusa dambe. Jagoran masu cewa a cire su shi ne Dikon Cleon Rainey, dattijon majami'armu, mai shagon taya, kuma shi ne shugaban ƙungiyar iyaye masu sayen riguna da hulunan kwano, don haka in ya yi tari sai koci ya waiwaya. Wai a ɗauko manyan yara biyu daga masu tsaron baya a ba su gudun. Koci Harrell yana son yaran nan, amma yana son aikinsa ma, sai ya raba gardama: ya ba kowanne ƙwallonsa, ya ce bana babu hawan matakala, duk wanda tasa ta iso teburina kafin Juma'a, benci zai ɗumama har ƙarshen shekara.

Kowa ya ce shi ke nan, yaran nan sun gama yawo, ai ba za su wuce abincin ranar Litinin ba.

Litinin ɗin Jonte ya iso gabanta yana zufa.

"Barka da rana, Mis Verdell."

"Barka dai ɗana. Wake ko kuɓewa?"

"Wake, don Allah."

Sai tsumman hannunta ya faɗi ƙasa. "Wayyo gwiwata," in ji ta. Shi kuwa Jonte kakarsa Mis Luella ce ta rene shi, yaron da ko kaza ta wuce sai ya riƙe mata ƙofa, ya sunkuya zai ɗauko, ƙwas! Ƙwallo ta yi sama ta faɗo cikin rigar girkinta kamar an aiko ta. Ɗakin cin abinci ya ɗau ihu, a kai wa koci, a kai wa koci! Jonte ya tsaya da tsumma a hannu, idonsa ya kawo ruwa.

Mis Verdell ta dubi ƙwallon, ta dubi yaron, ta dubi sama inda ofishin koci yake.

"Matakala sha takwas? Da wannan gwiwar? Wa zai goya ni?"

Wani ƙato daga masu tsaron baya ya ce, "Kawo na kai miki, Mis Verdell."

"Taɓa ta ka gani in za ka ƙara ganin kek ɗina har ka gama makarantar nan." Ta cusa wa Jonte ƙwallon a ƙirji. "Kai kuma kana riƙe ta kamar jakar cefane. Ɗaga ta sama! Yatsu a kan tsininta, gwiwar hannu a haƙarƙari. Gobe ko faɗuwa ka ga na yi ina kiran Yesu, tsallake ni ka wuce."

"Kakata za ta kashe ni."

"Luella ajinmu ɗaya, bar ni da ita."

Markel kuwa bai ma buƙaci dabara ba, cinyar kaza ɗaya ta ƙara masa ya miƙo hannu biyu, ƙwas. Ranar sau biyar ta buge musu, sau biyar tana mayar musu da faɗa. Ranar Talata ta laɓe musu bayan motar makaranta, ta laɓe bayan firji, mace mai ciwon gwiwa fa, sau biyu kawai ta samu. Da yamma sai ga Dikon a ƙofar kicin ta baya yana juya hula.

"'Yar'uwa Verdell, na ji wai sau bakwai kina ƙwacewa ba ki kai ko ɗaya ba."

"Gwiwa, Ɗan'uwa Cleon."

"Gwiwar da kike rawa da ita ranar Lahadi har hularki ta faɗi?"

"Wannan Ruhu ne ke ɗaga ni. Bai ce zai raka ni ofishin koci ba."

"Yaran nan hannunsu kamar an wanke da miyar kuɓewa. Ni shekara uku na yi ina gudu a filin nan ban taɓa sakin ƙwallo ba."

"Ina wurin, Cleon. Sau nawa aka ba ka?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Wanda ba a ba shi ba ai ba ya saki," in ji ta, tana kankare tukunya. "Yaro ba ya koyon riƙo a kan benci. Manyan naka bana za su gama su tafi, baɗi wa zai yi mana gudu, kai?"

Laraba da rana aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Ta saki tsumma, Jonte ya ce yi haƙuri Mis Verdell ya tsallake. Ta ɗaga cinyar kaza, Markel ya buɗe baki kawai ya ce ta sa masa a nan. Ta tattara ƙarfinta ta sauke ludayi a ƙwallon Markel, ƙwallo ko motsi, ludayin ne ya lanƙwashe. Haushi ya kama ta, daɗi ya kama ta, ta rasa wanda za ta nuna, sai ta kori kowa da faɗa wai an zubar mata da wake.

To saura kwana biyu, kuma Dikon ba yaro ba ne. Laraba ƙarfe shida ake cin abinci a majami'a kafin nazarin Littafi, rabin gari na zuwa saboda soyayyen tarwaɗa da ganye da shayi mai ƙanƙara da kek ɗin dankali, koci ma yana zuwa. Kuma kun san ba a taɓa abinci sai an yi da'ira, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi dama da hagu, a rufe ido, Fasto Gaines ya yi addu'a, shi kuwa Fasto in ya fara sai kifi ya huce. Ana haɗa da'ira Dikon ya sulale ya tsaya gefen Jonte yana murmushi ya miƙo hannu. Ɗaya gefen kakarsa ce. Yaro ya dubi wannan ya dubi wancan, yaya za a yi ya hana dattijon majami'a hannu a gaban Mis Luella? Ya matse ƙwallo tsakanin gwiwoyinsa ya ba da hannu biyu. Markel dai ya yi wayo, ya tsaya kusa da wani mai ɗaurin karaya a hannu.

Fasto ya yi wa marasa lafiya addu'a, ya yi wa masu tafiya, ya shiga kan sojoji, sai Dikon ya zare hannunsa a hankali ya sunkuya ya zare ƙwallon sumul. Jonte ya buɗe baki zai yi magana, kakarsa ta murɗe masa yatsu ido a rufe, "Shiru, ana magana da Ubangiji!" Dikon ya sa ƙwallo a hammata ya kama sanɗa zuwa ƙofa. Makaranta tsallaken titi ce kawai, kuma yana da mabuɗin ofishin koci saboda a nan ake ajiye kayan ƙungiyar iyaye.

Abin da ya manta, Mis Verdell ba ta shiga da'ira. Tana bakin tagar kicin tana gadin kifi, kuma ita da ido ɗaya take addu'a, ta ce Allah ya san yaran majami'ar nan, zai fahimta. Ta ɗauki ludayin shayi, ta fito ba takalmi, ta bi bayansa. Taku shida ya yi.

Ƙwas!

Ƙwallo ta bugi bango ta dawo ta shige ƙarƙashin teburin abinci, Fasto ya buɗe ido ya ce Amin a tsakiyar magana, wallahi ba a taɓa jin gajerar addu'a irin wannan a bakinsa ba. Wani yaro ya ƙwalla ihu ƙwallo a ƙasa! Kafin ka ce me Markel ya yi tsalle ya nutsa ƙarƙashin tebur da tasa ƙwallon a hannu, 'yan ƙwallo kusan goma suka rufta kansa, tulun shayi ya kife, wata mata ta rungume kek ɗinta tana kiran sunan Yesu. Aka yi ta janye su ɗaya bayan ɗaya, aka iso ƙasa, ga Markel kwance, ganye a kansa, ƙwallo biyu manne a ƙirji, sai da mutum biyu suka ɓamɓare ta Jonte daga hannunsa.

"Ɗan'uwa Cleon," in ji Fasto, "ina za ka ana addu'a?"

"Iska zan sha, Fasto."

"Da ƙwallon yaro?"

Dikon ya juya kan Mis Verdell. "Ta baya kika zo min! Ban shirya ba!"

"Su waɗanda ke buge yaran nan a fili sallama suke yi? Shekararka sittin da biyar, taku shida ka yi ka saki, tsohuwa ɗaya ce ta biyo ka. Su sha ɗaya ke bin su."

Matar Dikon ce ta fara dariya, sai kowa ya samu izini. Koci Harrell yana gefe da faranti a hannu, duk ya gani, ya taune kifinsa tsaf ya goge baki.

"Ni dai teburina babu komai a kai," in ji shi. "Kuma na ga abin da nake son gani. Su za su fara ranar Juma'a, su za su fara har ƙarshen shekara, wanda bai ji daɗi ba ya zo ya karɓi usur ɗin."

Ba wanda ya je karɓa.

Juma'a aka yi wasa, kar na yi muku ƙarya, an cinye mu, ashirin da ɗaya da sha bakwai. Jonte ya saki sau ɗaya, Markel bai saki ba, har ya tsallaka layi ya ci da ƙarti uku rataye a bayansa. Masu cewa a cire su ba su daina ba, amma yanzu ƙasa-ƙasa suke yi, kuma koci bai sauya magana ba. Ana fita daga fili wani ya tare Mis Verdell ya ce to yanzu kin tabbata yaran nan za su zama wani abu?

"Ina na sani? Tambaye ni in sun kai sha bakwai. Matsa, kana taka min ƙafa."

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman masu saurin cewa a cire yaro tun bai gama girma ba, ku tura wa 'yan shagon aski da 'yan majami'a da kowa da kowa, amma ku ɗan jira zuwa jibi kafin ya kai wayar Dikon, motar mamata na shagonsa ana sauya mata taya.