Faifan da Ba Na Bari Ya Ƙare

Ranar sadakar uku, da mutane suka watse, Inna ta kira ni ɗakinta ta ce in fito da akwatin faya-fayan Yaya a cinna masa wuta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ji a wa'azi cewa wanda ya mutu ya bar abin saɓo ana amfani da shi, nauyin yana bin sa har kabari, ita kuwa ba za ta iya barci ana ƙara wa ɗanta kaya ba. Ta ba ni zuwa sadakar arba'in. Na ce to, amma a raina na riga na rantse ko tsinken ashana ba zai kusanci akwatin nan ba. Shi kaɗai Yaya ya bari wanda namu ne mu biyu.

Yaya direba ne, aikinsa ɗauko motocin Kwatano. Zai biyo da mota ta Nijar, ya shigo ta Kongolam, ya ratsa Mai'adua, ya kawo wa mai ita Daura. Motocin nan Turawa sun hau sun gaji da su, kuma Bature akwai mantuwa. A aljihun gaba, ko ƙarƙashin kujera, ko cikin rediyon kanta, sai ka tarar da faifai. Sauran direbobi jefarwa suke yi, ko su rataya a madubi don ƙyalli. Yaya kuwa sai ya saka ya ji. Na raye-raye da na soyayya ya bayar, ya riƙe irin wanda ya ce Turawa na kira metal, don shi ne ke hana shi gyangyaɗi a doguwar hanya.

Ranar da ya fara sa mini, na ɗauka rediyon ce ta lalace. Jita tana gurnani kamar injin niƙa ya ci tsakuwa, ganguna suna gudu ba numfashi, ga wani ƙato yana rusa ihu daga can ƙasan maƙogwaro. Na ce, “Yaya, wannan yanka shi ake yi?” Ya ce, “Rufe baki ka saurara, ɗan ƙauye.” Na saurara. Kafin mu kai gida kaina yana kaɗawa ban sani ba, kuma tun daga ranar ban warke ba.

Ba ma jin abin da suke faɗa, sunayensu ma ba sa karantuwa, rubutun duk ƙaya-ƙaya ne. Sai muka raɗa musu namu daga hoton bango. Akwai Mai Ƙwarangwal, wanda ya fi kowa sauri, shi muke sawa in za mu wanke mota. Akwai Mai Bunsuru, da kan bunsuru a jiki, Yaya ya ce a kasuwar Mai'adua ko kallonsa ba za a yi ba don rama. Akwai Mai Ƙanƙara, inda mace ke waƙa da zaƙin murya, namiji yana amsa mata kamar zai cinye ta. Amma sarkinsu shi ne Mai Bishiya, baƙin bango da busasshiyar bishiya ɗaya tal. Bai yi nisa da farawa ba akwai wani wuri da komai ke ɗaukewa ɗif, sai tsirkiya ɗaya tana ɗiga a hankali, in ba ka kasa kunne ba ba za ka ji ta ba. In an zo nan Yaya kan ɗaga yatsa, ko magana nake yi sai in haɗiye ta. Muna jira, muna jira, sai duka kiɗan ya faɗo mana a ka lokaci ɗaya. Na sha jin wurin nan, amma bai taɓa fasa tayar mini da tsigar jiki ba.

Mutane ba sa son sa, mu kuwa abin dariya muka mayar da su. Wata rana mun tsaya shan mai wurin ɗan bumburutu, Yaya ya sauke gilashi faifai yana ci, mutumin ya saki galan ya yi baya yana a'uziyya, ya ce mu faɗa masa gaskiya wa muka ɗaure a but. Mun yi dariya har da hawaye. Da muka ba Inna labari ita ba ta yi ba. Ta ce, “Abin da ke korar mutane daga jikinka ba abin wasa ba ne.”

Da damina aka aiko mana. An ce motarsa ta ƙwace a wata hanyar daji tsakanin Mai'adua da Daura, da rana tsaka, ta daki bishiya. Kafin a iso da shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce ba wani mugun rauni ba ne, jini ne ya zuba da yawa. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Da na buɗe akwatin bayan maganar Inna, na tarar da gidan Mai Bishiya babu komai a ciki. Na kai akwatin bayan buhunan gero na ɓoye. Kullum da safe in na je gaishe ta sai ta ce, “Ka ƙona?” In ce tukuna. Ta rage cin abinci. Ta fara cewa tana ganin sa a mafarki yana tsaye bakin zaure, bakinsa yana motsi amma wata ƙara ta hana ta jin abin da yake faɗa. Haushi ya riƙa cin raina. Har na taɓa ce mata roba ce kawai, roba ba ta shiga kabari. Ta dube ni ta ci gaba da jan carbinta, gidan ya ƙara yin tsit.

Ana gab da arba'in, bayan la'asar, wani tsoho ya yi sallama. Manomi ne, ƙafarsa duk taɓo, ya ce daga ƙauyen da abin ya faru yake, da tambaya ya gano gidan. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na ji motsin Inna a bayan ƙofa. Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya ajiye a gabana da yatsu biyu.

“Ɗana, wannan a cikin motar aka ciro shi. Ba wanda ya yarda ya kwana a gidansa. Na ce amana ce, ni zan kai.”

Na kwance. Mai Bishiya ne, ko ƙwarzane babu.

Ya ce, “Kuma gafara na zo nema. Muna gona muka ji karon. Muka yar da fartanya muka rugo, mu da yawa. To ka san bishiyar tsamiya ce, ga rana tsaka, lokacin da mutanen ɓoye ke yawo. Da muka matso sai muka ji abu yana ruri a cikin motar. Wallahi ba muryar bil'adama ba ce. Muka tsaya daga nesa muna karanta abin da muka iya.”

Na ce, “Baba, kiɗa ne.”

“Daga baya aka faɗa mana. Mu ina muka taɓa ji?” Ya share fuska da hannun riga. “Can sai ya yi shiru. Muka ce ya tafi. Ni ne a gaba, har na hango hannun yaron a taga yana motsi, saura kaɗan in kama ƙofa. Sai abin ya fashe da ihu fiye da na farko. Na faɗi, na tashi da rarrafe. Ba wanda ya sake matsawa sai da ya yi shiru na gaske.”

Na san shirun nan, na san tsirkiyar da ke ɗiga a cikinsa wadda su ba za su ji daga waje ba. Kuma na san abin da ya rage a faifan bayan wurin ya ninka abin da ya wuce. Na so in shaƙe tsohon nan, amma sai na tuna ɗan bumburutu da dariyar da muka yi masa. Na ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba.”

Da ya tafi Inna ta fito. Ta ce, “Kai ka san abin. Ya daɗe kafin ya ƙare?”

Na sunkuyar da kai ina kallon faifan. Ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Ba ta sake cewa in ƙona ba. Ni na ɗauko akwatin da kaina na kai bayan gida, na zuba kalanzir. Mai Ƙwarangwal, Mai Bunsuru, Mai Ƙanƙara, duk suka narke suka haɗe, baƙin hayaƙi mai wari ya tashi har maƙwabta suna leƙowa. Ina son su, ina kuka, ban ciro ko ɗaya ba. Inna tana tsaye ta ga na sa Mai Bishiya a aljihu, ta kau da kai. Ranar ta ci tuwo.

Shekaru sun wuce, yanzu duk irin kiɗan nan yana cikin waya ga mai so, ni dai ban nema ba. Faifai ɗaya gare ni. Wani lokaci in na fita bayan gari ni kaɗai a mota nakan sa shi, in ƙure murya, in bar shi ya yi ta ruri. In ya kai wurin da komai ke ɗaukewa, inda Yaya ke ɗaga yatsa, sai in miƙa hannu in kashe rediyon. In zauna cikin shirun, in ba tsohon nan lokaci ya kama ƙofa.