Sifikar da Ba Ta Fashe Ba

Shekarata ta biyu a New York na samu aikin kula da wani tsoho Bature a Bronx, ba nisa da gidanmu na Mount Hope. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Baba nake kiransa, bai taɓa hana ni ba, to da wane bakin? Tun ranar farko 'yarsa ta gaya min, in ya daina cin abinci gidan tsofaffi za ta kai shi, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar wannan.

Kullum da hantsi sai ya nuna min wani faifan garmaho da hannunsa mai lafiya. Ina ɗorawa ƙara ta cika ɗakin, jita na gurnani kamar injin markaɗe, mawaƙin na ta kurma ihu. Ni 'yar mai gyaran rediyo ce a Kano, na san kukan fasasshiyar sifika. Tausayi ya kama ni, bawan Allah yana shan azaba ba halin ya ce a gyara.

Ran Litinin na naɗe sifikun biyu a zani, na kai wa wani Bazindire, mutumin Nijar, mai gyara a titi na 116. Baba ya juya fuskarsa bango. Ranar bai ci komai ba, Talata cokali biyu. Hankalina ya tashi, don 'yarsa za ta zo Juma'a.

Da na koma Laraba, mai gyaran ya ce, "Hajiya, sifikunki lafiya lau suke. Me kike sa musu?"

Na nuna masa hoton bangon faifan a wayata. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mais non, a'a, da gangan makaɗan suke wannan ƙarar. Irin kiɗan da ake kira hard rock ke nan."

Ashe ya san makaɗan tun yana ɗalibi a Yamai. Ya ce kafin wannan faifan, a ƙananan mashaya suke wasa. Sai mawaƙinsu ya mutu, kowa ya ce sun ƙare. Suka ɗauko wani mawaƙin, suka fitar da wannan faifan, shi ne ya kai sunansu duniya.

"Makokinsu ne, Hajiya."

A jirgin ƙasa na yi ta juya maganar. Mu makokinmu tabarma ce da carbi da magana ƙasa-ƙasa. Su kuma wane irin rashi ne sai an fasa maƙogwaro? Na ƙagu in sake ji, ga kunyar karambanina na cina.

Da na mayar da sifikun ɗakin Baba, na haɗa wayoyin, na ɗora faifan. Wannan karon na kasa kunne sosai, amma sabo ya sa na miƙa hannu zan rage murya. Baba ya cafke wuyan hannuna. Bakinsa ya daɗe yana rawa kafin kalmar ta fito, ta farko da na taɓa ji daga gare shi.

"Louder."

Wato in ƙara murya. Na ƙure ƙarar, na ɗauko kwanonsa na ciko cokali, ya buɗe baki.