Tsutsotsin Baturiya

Baturiya matar Lado, mutuniyar Yekuwa, ta haura shekara hamsin lokacin da wani furoje, wato shirin tallafa wa karkara, ya koya wa matan garin kiwon tsutsa don ciyar da kaji. Dusar gero ake kwaɓawa da kashin shanu a tasa, ƙuda su yi ƙwai, bayan kwana kaɗan a kwashe tsutsa. Mata da yawa ƙyama ta sa suka bari. Ita ta riƙe, har kajinta suka yi suna a kasuwar Bande.

Mace ce mai lura. Ta ga tasar da ta barbaɗa wa garin ƙashi ta fi yin tsutsa masu maiƙo. Ta kuma ga ko a tasa guda sai an samu 'yan ƙalilan da ke ci ba hutawa, amma suna nan kamar zare.

Waɗannan ne suka tsaya mata a rai. Shekara ashirin da suka wuce ta rasa 'yarta Nazifa, yarinya mai cin tuwo a kwano ɗaya da wanta Rabilu. Shi ya murje, ita tana ƙanjamewa har ta rasu tana shekara biyar. Ba wanda ya zargi Baturiya a fili, amma ta sha jin mata sun yi shiru in ta iso rijiya.

Da Zeinabou, malamar furojen, ta zo zagaye daga Magariya, Baturiya ta nuna mata ramammun. Zeinabou ta ce masu bincike sun gwada wasu ƙananan tsutsotsi, sun ga sinadaran abinci irin su ƙarfe suna sauya yadda jiki ke ajiye kitse, kuma akwai waɗanda tun a halitta gadonsu ya zo da tangarɗa, ko me suka ci ba sa ajiyewa.

Baturiya ta daɗe tana kallon tasar.

"To mutum fa, 'yar nan?"

"Inna, ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Tun ranar ba ta ƙara ba kaji ramammun ba. Da tsinke take tsince su, ta sa a wata 'yar ƙwarya bayan rumbu, ta ƙara musu dusa mai laushi. Yawancinsu mutuwa suke yi. Lado ya taɓa tambayarta amfanin wannan wahala, ta ce so take ta ga ko ɗaya zai yi ƙiba. Bai sake tambaya ba. Bara, da ciwon ƙafa ya kwantar da ita wata guda, shi ya riƙa tsince mata su.