Ranar da Kujerar Alhaji Tanimu Ta Koma Baya

Ko tsufa ya kwashe mini haƙora da tunani, ba zan manta da ranar da muka kai bita Makarfi ba. Ku sabbin ma'aikata ku saurara, don ranar saura ƙiris in koma sayar da rake a bakin titi.

A lokacin ni ake turawa ƙauyuka in tara shugabannin ƙungiyoyin manoma, a koya musu dabarun shugabanci. Bayan damina aka haɗa ni da manoman rake na Makarfi da Kudan. Kafin in tashi ogana ya ce, "Ɗanjuma, mutanen nan su ne rabin aikinmu. In suka fice daga bitar, kai ma ka bi su."

Shugabansu shi ne Alhaji Tanimu, wanda ya daɗe kan kujera har kujerar ta ɗauki siffarsa. Kujerar ma tasa ce, daga gida ake kawo ta a bayan mota. Da muka gaisa ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, sannan ya ce, "Wa ya gaya muku ban iya shugabanci ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarin ilimi ne kawai."

Ya ce, "To, Allah ya sa."

A ɗakin da suka saba taro muka zauna, jikin wani injin niƙa. Malama Binta, mai koyarwar da aka ɗauko daga Kaduna, tana da darasin da take ji da shi: shugaba ya koma cikin jama'a, mataimakinsa ya jagoranci zaman gwaji, don kowa ya ɗanɗana matsayin ɗan'uwansa. A Kaduna wannan wasa ne. A nan kuwa, tana faɗa sai mataimakin, Malam Sule, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da akuyar maƙwabci.

Alhaji ya yafito ni. "Yaushe kuka ƙulla wannan da Sule?"

"Wallahi gwaji ne, Alhaji."

"An gan ka ranar kasuwa kana shan rake a rumfarsa."

"Ai na sha a taka ma."

"Shi ne ya fi damuna."

Ya miƙe, mutanensa suka fara laluben takalma. Na hango aikina yana bin su a baya. Nan na durƙusa na roƙe shi ya koma baya da kujerarsa, Sule ya yi jagoranci daga kan benci. Ya yi nazari, ya yarda, bisa sharaɗin kada Sule ya ko kalli kujerar.

Sule ya fara bayani kan jigilar rake, injin niƙa na ta ruri. Alhaji ya karkata kunne daga can baya, ya ce, "Sule, ɗaga murya. Ko abin da kuke kitsawa ne ba ku so in ji?"

Wani dattijo daga ƙauyen Taba da ke gefensa ya ce, "Alhaji, ai nan baya ba a jin komai. Kai ma ba mu taɓa jin ka ba."

"To duk shekarun nan da kuke cewa kun amince, da me kuke amincewa?"

"In na gaba sun ɗaga hannu, sai mu ɗaga."

Alhaji bai fita ba har aka tashi, aikina ya tsira. Mako na zagayowa ya sayo lasifika mai ƙarar da har Ikara ana jin tarinsa. Jama'a suka fara jin maganarsa sarai, suka fara musu, da zaɓe ya zo suka zaɓi Sule.

Abin da na koya shi ne, darasin da zai taɓa kujerar mutum, a zaurensa ake fara yi masa bayani, ba a gaban mabiyansa ba. In ba haka ba, ko alheri ne ya biyo baya, kai ne abin zargi. Har yau in na gaishe shi a kasuwa, sai ya riƙe hannuna ya rage murya ya ce, "Ɗanjuma, tsakaninka da Allah, mai injin niƙan nan ma da shi kuka shirya?"