Gwaggo Tela da Buzuzu

Gwaggo Tela, kamar yadda kowa ke kiranta a layinsu, a kan keken ɗinki ta tsufa. Shagonta ɗan ɗaki ne a jikin gida, tagarsa na kallon filin da mijinta ke kiwon awaki yana shuka wake. Ta wannan tagar take samo launukan adon rigunanta.

Ba ta korar ƙwaro sai ta ƙare masa kallo. Takan ce buzuzu lebura ne, baƙi wuluk, kullum cikin kashin awaki yana tura dunƙulensa da ƙafafun baya, amma rana na haska bayansa sai kore da shuɗi su fito. Hangara kuwa 'yar gayu ce mai ratsin ja da baƙi, ba ta sauka sai a kan fure, ga mugunta. Gwaggo ta taɓa murƙushe ɗaya a wuyanta, wurin ya tashi kamar ƙuna. Shi ko ƙwaron wake ba ado ba surutu, yana cikin buhu, sai ya mai da wake gari za ka san da shi. Mijinta yakan ce bai san malamar ƙwari ya aura ba, ita kuma ta ce shi ma ai sai da ta ƙare masa kallo.

Wata rana matar wani mai kanti ta kawo baƙin yadi. Gwaggo ta ɗinka mata riga, ta yi wa wuyan ado da zare kore da shuɗi. Matar ta gwada, ta rasa bakin yabo, ta tambayi inda aka samo zanen. Gwaggo ta ja ta bakin taga ta nuna mata mai shi yana fama da dunƙulensa. Nan take matar ta tuɓe, ta ce ba ta sa kayan ƙwaron kashi, ta fice.

'Yar Gwaggo ta ce, "Umma, da kin ce mata daga jikin dawisu ne."

"Ban taɓa ganin dawisu ba. Abin da na gani na ɗinka."

Gwaggo ta saya wa matar wani yadin, ta rataye rigar a ƙofa. Abin ya yi mata ciwo, har ta kwana biyu ba ta taɓa koren zare ba. Daga baya wata malamar asibiti mai wucewa ta nan zuwa aiki ta tsaya ta taya rigar. Gwaggo ta fara gaya mata asalin zanen tukuna. Malamar ta yi dariya, ta ce a naɗe mata, gobe za ta kawo yadin ƙanwarta.